Tambayi Likita: Tarin Shiƙa da Allurar Penta

Tambaya daga Rikkos: Likita, sanyin Jos ne ke kawo tarin shiƙa?

Amsa: A'a. Ƙwayar cuta ce, ana ɗaukarta daga tari ko atishawar mai ita. Rigar sanyi ba ta tare ta.

Tambaya daga Anguwar Rogo: 'Yata tana da wata uku. Da aka yi mata allurar farko ta yi zazzaɓi, cinyar ta kumbura, sai surukata ta hana a koma. Yanzu yayanta na tari har yana amai, an ce a kai su wanzami ya cire belu.

Amsa: Baiwar Allah, don Allah kada aska ta taɓa yaran nan. Belu ba ya jawo tari. Abin da yankan ke jawowa shi ne zubar jini da shigar wata cutar. Har yaushe za mu ci gaba da wannan?

Zazzaɓin bayan allura kuwa alama ce ta jiki yana koyon gane cutar, kwana ɗaya ko biyu yake wucewa. Da an zaunar da Hajiya an yi mata wannan bayanin tun ranar farko, ina jin da ba ta hana ba. Ki tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta. Tun 2012 ake yin Penta a Najeriya, kyauta, sau uku: sati 6, 10 da 14. Tana kare yaro daga cututtuka biyar, har da tarin shiƙa da mashaƙo. Allura ɗaya ba ta wadatarwa, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna rabin yaranmu kaɗai suka samu ta ukun.

Jaririyar ce ta fi damuna, don tarin yayanta na iya zama tarin shiƙa, ta kuma ɗauka daga gare shi. Jarirai sau da yawa ba sa yin shiƙar, numfashinsu ne ke ɗaukewa, leɓe ya canza launi. Ki kai su biyun asibiti yau, kada ki jira gobe. Akwai maganin da ke kashe ƙwayar, kuma ya fi amfani idan an fara da wuri. Kada ki ba ta zuma ko maganin tarin kemis. In kika ga numfashi ya tsaya, ko cikin dare ne, sai asibiti.

Tambaya daga Bukuru: Mun makara da allura ta biyu, za a sake daga farko?

Amsa: A'a, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ku je da katin a wannan makon.