Tambaya da Amsa: Darasin intanet yana sa ni jiri, kuma ƙanena mai farfaɗiya yana so ya shiga

Salam Anti, ina miki fatan alheri. Ni ɗaliba ce daga Aboabo a Kumasi, ina wani kwas na lissafin kuɗi ta intanet a wayata, to matsalar ita ce duk shafin da na buɗe sai rubutu ya taso daga gefe, hotuna na juyi, idan ka ci tambaya sai allon ya dinga walƙiya ja da fari, wallahi kafin in gama darasi ɗaya kaina ya fara sarawa ga jiri ga tashin zuciya. Mamanmu ta ce yawan kallon waya ne. Kuma ƙanena yana da farfaɗiya shi ma yana so ya yi rajista, in bar shi?

Wa alaikis salam ƙanwata. Abin da kike ji gaskiya ne, ba ragwanci ba ne. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi alhali cikin kunne, inda ma'aunin tsayuwar jiki yake, yana cewa kina zaune, wannan saɓanin shi ke kawo jirin, irin wanda wasu ke ji idan suna karatu cikin motar haya ta trotro.

Maganar ƙanenki ta fi damuna. Ba kowane mai farfaɗiya ne walƙiya ke tayar wa ciwo ba, kaɗan ne daga cikinsu, amma ga wanda abin ya shafa ba wasa ba ne. A Disambar 1997 wani katun na talabijin a Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi, ɗaruruwan yara aka kwasa zuwa asibiti. Don haka kar ya buɗe darasin nan sai ya ga likitansa, ko ku je asibitin Komfo Anokye, akwai gwajin ƙwaƙwalwa da ake yi da fitila mai ƙyaftawa don a gane. In walƙiya ta zo masa ba zato ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya kau da kai, runtse ido biyu kawai bai isa ba.

Kuma ki sani masu kwas ɗin ne da gyara. Ƙungiyar W3C, mai tsara yadda ake gina shafukan intanet, tana da ƙa'idoji na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafuka da ake kira WCAG, a ciki an ce kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya, sannan duk abin da ya fara motsi da kansa ya wuce daƙiƙa 5 dole a sa maɓallin tsayar da shi ko ɓoye shi. Mu ma nan Ghana muna da dokar masu buƙata ta musamman ta 2006, Act 715, wadda ta yi maganar haƙƙinsu na ilimi. Ki rubuta musu ki faɗi darasin da shafin, ki nemi su ba ki a rubuce ko PDF, kar ki ji kunya don Allah, kuɗinki kika biya.

Kafin su amsa, shiga saitin waya wajen Accessibility, a Android ki kunna Remove animations, a iPhone kuma Reduce Motion. Sai dai fa ba ya hana bidiyo motsi, kuma shafin da ba a gina shi ya bi wannan saitin ba zai ci gaba da rawarsa. Ki rage hasken allo, ki yi karatun a ɗaki mai haske, ki dinga hutawa tsakanin darussa, in jirin ya ci gaba ko ba kya kan waya ke ma ki je a duba ki.