Corolla tsohuwa ko Benz mai kyan gani: wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Funtua, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma kusan kowane ƙarshen mako nakan je ƙauyenmu gaida mahaifiyata, inda sai an bi hanyar burji mai nisan kilomita 15 bayan an sauka daga kwalta. Na shekara uku ina tara kuɗin mota, yanzu kuma wani dillali ya nuna mini guda biyu masu farashi kusan ɗaya: Toyota Corolla ƙirar 2005 da Mercedes-Benz C300 ƙirar 2008, dukansu na hannu. Zuciyata ta fi karkata ga Benz ɗin. Me ya kamata in duba kafin in biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na gode da ka bayyana aikinka da yawan iyalinka da irin hanyar da kake bi, domin waɗannan ne ya kamata su zaɓa maka mota kafin ido ya sa baki. A shekarun da na yi ina aikin gyaran mota, abin da na fi gani yana jefa ma'aikaci cikin nadama shi ne lissafin kuɗin saye kaɗai, a manta cewa mota tamkar ƙarin iyali ce, kullum tana neman ci, kuma takan kwanta rashin lafiya ba tare da ta jira albashi ya shigo ba.

Ka fara tambayar kanka dalilin da ya sa motar da ta fi tsada nesa ba kusa ba a ranar da aka ƙera ta, kuma ta fi ƙuruciya da shekara uku, ta sauko har farashinta ya zo daidai da na Corolla. Kasuwa ce take gaya maka cewa masu son riƙe ta ba su da yawa. C300 mota ce mai daɗin tuƙi da nauyi a kan titi, amma injinta mai silinda shida ne, lita 3.0, alhali na Corolla silinda huɗu ne, lita 1.8. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambanci ya zama abin da mai albashi yake ji a aljihunsa kowane mako. Bayan haka, Benz ɗin cike take da na'urorin lantarki waɗanda sai an jona kwamfuta kafin a gane ciwonsu, kuma wannan samfurin ya yi suna da lalacewar makullin sitiyari na lantarki, wanda idan ya ƙi, motar ba za ta tashi ba ko da komai nata lafiya lau ne. Ka ƙaddara hakan ya same ka a ƙofar gidan mahaifiyarka ranar Lahadi da yamma, ga aji yana jiranka da safiyar Litinin. Ita kuwa Corolla, da wuya ka shiga garejin da ba a san cikinta ba, kuma kayan gyaranta, sababbi da na Beljiyam, suna nan jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, har ma da shagunan cikin Funtua.

Hanyar ƙauyenku ma tana da nata hukuncin. Benz ɗin a ƙasa take sosai, kuma da damina, idan ruwa ya zaizaye burji, cikinta ne zai riƙa dukan tudu, kuma gyaran ƙafafunta ba na wasa ba ne. Sai dai in faɗa maka gaskiya, ku shida ne, kuma dukan motocin biyu na mutum biyar ne. Yanzu da yaran suke ƙanana za ku iya lallaɓawa, amma idan kana son motar da za ka daɗe da ita, ka leƙa Toyota Sienna mai kujeru bakwai, da sanin cewa ita ma silinda shida ce, tana shan mai.

Duk da haka, sunan Toyota ba ya wanke kowace Corolla. Motar da aka ƙera tun 2005 ta bi hannaye da yawa, wataƙila ma ta yi kabu-kabu, don haka lafiyar wannan da ke gabanka ita ce abin dubawa. Ka je da makanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa. Ku je da sassafe, ka kuma roƙa kada a tayar da motar kafin ku iso. Ka ɗora tafin hannunka a kan injin. Idan ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙin da sanyin safiya yake tonawa. Idan an tayar, ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji mai cin baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa kuwa yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba bayansa. Idan ka ga wani abu mai kama da kunun gyaɗa ya manne, akwai zargin ruwa da mai sun haɗu, kuma sau da yawa gaskit ne ya ƙone sanadin zafin inji. Haka kuma ka lura da allon gaban direba lokacin da aka murɗa makulli kafin a tayar: fitilar inji da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a rufe wata matsala.

Na taɓa raka wani abokina duba wata mota da fentinta yake ɗaukar ido, cikinta kuma sai ƙamshin turare. Da na ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, sai na tarar da busasshen taɓo da tsatsa a kan ƙusoshin kujera. Motar ambaliya ce, irin waɗanda kamfanonin inshora a Amurka suke gwanjonsu bayan ruwa ya shanye su, kuma irinsu da wuya su daina ciwon wayoyin lantarki. Tun daga ranar ban ƙara duba mota ban ɗaga kafet ba. Ka kuma bi gefen ƙofofi da bonet da ido; idan tazarar wani ɓangare ta fi ta ɗaya, ko launin fenti ya ɗan saɓa a cikin rana, mai yiwuwa motar ta taɓa yin hatsari. Sannan ku hau titi na aƙalla rabin awa, da na'urar sanyaya a kunne, kuna kallon allurar zafi, kuna sauraron yadda giya take shiga. Giyar otomatik da take jinkiri ko fizga kuɗi ne masu yawa ke jiranka.

Takardu kuwa, kada kunya ta hana ka tsanantawa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka tabbatar ita ce a kan kowace takarda, ba a kankare ko an sake bugawa ba. Ka nemi takardun kwastan na asali, ka je ofishinsu a tantance maka su, domin a watan Janairu na 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya ana iya ƙwace ta a hannunka ko da kai ne na huɗu da ya saye ta. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, domin aikin yakan taɓa birki da wayoyi.

A tsakanin biyun nan, da ni ne kai, Corolla zan ɗauka idan ta tsallake binciken da na lissafa, idan kuma ba ta tsallake ba, in haƙura in nemi wata irinta. Kada ka zuba duk abin da ka tara a cikin ciniki. Ka rage wani kaso na sauya baƙin mai da tayoyi da batir, da inshorar dole wadda ta koma naira 15,000 tun farkon 2023, da kuɗin sauya sunan mallaka. Ranar biya, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun wanda sunansa yake kan takardun, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, ka kuma karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa. Allah Ya sa albarka, Ya tsare hanya, a gaida Hajiya.