Kwana biyu a tsaunukan Peak District ba tare da mota ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kuna Manchester ku huɗu, ba ku da mota, kuna son ku yi Asabar da Lahadi a tsaunukan Peak District cikin watan Nuwamba, kana tambayar ina za ku dosa da abin da za ku riƙe. Shawarata ita ce ku zaɓi kwari ɗaya ku tsaya a kansa. Yankin yana da faɗi, shi ne gandun shaƙatawa na ƙasa na farko da aka ware a Birtaniya a 1951, kuma duk wanda ya ce sai ya leƙa ko'ina cikin kwana biyu, a tashar bas zai ƙarar da hutunsa.

Kwarin da ya fi dacewa da ku shi ne Hope Valley, domin jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Manchester Piccadilly da Sheffield ta cikinsa yake ratsawa. Ku tabbatar kun hau mai tsayawa a ƙananan tashoshi, don akwai masu gudu da ba sa tsayawa a ƙauyukan kwarin. Kusan duk awa ɗaya yake tashi, kuma cikin minti 45 ko makamancin haka za ku sauka Edale. Ɗalibin da ke da katin rangwamen jirgi na masu shekara 16 zuwa 25 ana rage masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti.

Ranar Asabar ku yi hawan, tun da sauran ƙarfi a jiki. Daga tashar Edale ku bi hanyar ƙafa zuwa Hollins Cross, hawa ne na kusan awa ɗaya ta cikin gonakin tumaki. Da kun kai tozon tsaunin sai ku yi dama, ku bi hanyar da aka shimfiɗa wa faffaɗan duwatsu har ƙololuwar Mam Tor, mai tsayin mita 517. Daga nan za ku hangi kwarin Edale a ɓangare ɗaya, ƙauyen Castleton a ɗaya ɓangaren. Wajen saukowa ku bi ta tsohon titin da ke gindin tsaunin, wanda zaftarewar ƙasa ta yi ta karyawa har hukuma ta haƙura da shi a 1979. Har yanzu kwaltar tana nan a tsattsage, wani wurin ta nutse kamu biyu ko fi, farin layin tsakiyar titi yana kai. Duka tafiyar har Castleton awa uku zuwa huɗu ce, haɗe da tsayawa ɗaukar hoto.

Za ku ji ana ta yabon Kinder Scout, wanda ya fi kowane tsayi a yankin, mita 636. Don Allah ku bar shi sai wani zuwan. Samansa shimfiɗaɗɗen fili ne mai taɓo, hanya ba ta fitowa sosai, in hazo ya sauko ko waɗanda suka saba suna ɓacewa.

Abin da ya fi tagayyara baƙi shi ne sutura. Mutum zai baro gari rana na haskawa, ya sa wandon jins da takalmin kambas mai sulɓin ƙasa. A saman tozon iska ba ta da abin da ke tare ta, kuma duk hawan mita 150 sanyi na ƙaruwa da kusan digiri ɗaya. Jins da rigar auduga in suka jiƙe ba sa bushewa, sai su manne a jiki su zuƙe ɗumin mutum. Ku sa riguna uku marasa kauri a jere maimakon ƙatuwar riga ɗaya, ta saman ta zama rigar ruwa mai hula, sannan safar hannu da takalmi mai ƙwanƙwasar ƙasa da zai riƙe taɓo. Lema ba ta da amfani a can, iska za ta juya ta. Kowa ya ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi, fulas na shayi, dabino ko gyaɗa, da tocila. A ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma, saboda haka ku hau jirgin safe, kar hawan ya wuce ƙarfe 10 bai fara ba. Ku sauke taswirar yankin a waya tun kuna gida, don sabis yana ɗaukewa a kwari kuma sanyi na cinye batir. In wani ya ji rauni a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce musu masu ceton kan tsauni ake so.

Gajartar ranar ta shafi salla. Azahar, La'asar da Magariba duk za su shigo tsakanin ƙarfe 12 da 4, kuma babu masallaci a ƙauyukan nan. Ku fito da alwala, ku riƙe 'yar darduma mai ledar ƙasa don ciyawar a jiƙe take. Alƙibla tana kudu maso gabas, wajen digiri 118. Nisan Edale daga Manchester bai kai na ƙasaru ba, cikakkiya za ku yi. Akwai bayin jama'a a Edale da Castleton, sai dai ba buta, ku tanadi gora.

Wajen abinci, kifi da soyayyen dankali shi ne mafita, amma ku tambayi abu biyu: ko an kwaɓa fulawar da giya, da kuma ko da kitsen dabba ake suyar. Kayan fulawa da ake gasawa ma wani lokaci da man alade ake haɗa su. Wasu gidajen kwana na ƙauye a saman mashaya suke, in ba ku so haka ba ku nemi masaukin YHA (ƙungiyar masaukan matasa masu sauƙin kuɗi) na Castleton ko Edale, ku kama ɗakin mutum huɗu tun makonni kafin ranar. Suna da ɗakin girki, za ku iya tahowa da naman halal ɗinku daga Manchester.

Hanyoyin ƙafar nan kamar burtali suke, gonar ta wani ce amma doka ta ba ka damar wucewa. Ku bi alamar kibiya ruwan ɗorawa, ƙofar da kuka buɗe ku rufe, kar ku haura katangar duwatsu, kuma ku yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi.

Lahadi ku zauna a ƙasa, ƙafa ta huta. Castleton na da koguna huɗu da ake shiga da tikiti. Speedwell tsohuwar mahaƙar darma ce, ana sauka matakala sama da 100 a shiga kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa, wanda ƙuncin wuri ke damunsa ya zaɓi Peak Cavern mai faffaɗan baki. Daga Speedwell kuna iya takawa cikin Winnats Pass, kwazazzabo tsakanin manyan duwatsun farar ƙasa. Komawa gida kuma sai ku hau bas mai lamba 272 zuwa Hope, ku kama jirgi daga can. Tun daren Asabar ku duba jadawalin Lahadi, domin bas yana raguwa, kuma ranar ce aka fi yin gyaran layin dogo a maye gurbin jirgi da bas, abin da kan ƙara muku lokaci sosai a hanya.