Tsakuwar Ƙoda: Sai An Yi Yanka?

Tambaya: Likita, an ga tsakuwa mai girman milimita 14 a ƙodar maigidana. Sun ce za su zura masa siririyar na'ura mai lanƙwasa. Yanka ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, babu yanka. Ta hanyar fitsari ake bi har cikin ƙoda, kyamara tana haskawa, leza, wato wani haske mai ƙarfi, ta farfasa tsakuwar. Lanƙwasawar ce amfaninta, tana shiga lungunan da miƙaƙƙiyar na'ura ba ta kaiwa. Tunda tsakuwar ba ta kai santimita 2 ba, ni ma ita zan zaɓa. Amma a fara gwada fitsarinsa, in da ƙwayoyin cuta a magance su tukuna. Galibi ana barin 'yar roba a cikin hanyar fitsari don fitsari ya riƙa wucewa, ku riƙe ranar cire ta.