Tambaya da Amsa: Zumar da ke tsatsafowa daga itacen fayin

Tambaya: Malam, ina karatu a Kanada, kusa da Bankuba. A dajin bayan makarantarmu na ga wani itacen fayin da reshensa ya kumbura, yana fitar da ɗige-ɗigen ruwa rawaya-rawaya, ƙudaje sun yi masa caa, ga alamar haƙorin kurege a ɓawon. Abokina ya ce ruwan zaƙi gare shi. Ƙaro ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ƙaro ba ne, itacen nan ba shi da lafiya. Ka koma ka duba ganyensa masu kama da allura. In biyar-biyar suke a ƙulle, farin fayin ne, kuma da alama cutar tsatsa ce ta kama shi, wadda wani nau'in funfuna mai suna Cronartium ribicola ke haddasawa.

Zaƙin nan na funfunar ne, kuma tarko ne. Ita ke fitar da ruwan, cike da ƙananan ƙwayoyin haihuwarta. Ƙuda ya sauka ya lasa, ya tashi da su a ƙafa da baki, ya kai su wani miki, barbara ta auku ke nan. Wani masani, J. H. Craigie, shi ya gano wannan dabara a 1927 a birnin Winifeg na Kanada, yana nazarin tsatsar alkama. In bazara ta zagayo, wurin zai yi bororo ya fashe, gari mai launin ruwan lemo, wato irin funfunar, ya bi iska. Kurege da beguwa kuwa ɓawon suke gwaguya saboda zaƙinsa. Wanda ya san darɓa a ganyen dawa ya fahimci zancen: manomi ba ya murna da irin wannan zaƙi. Bambancin kawai, darɓa ƙwari ne ke zubo ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki, cutar ba ta tsallakawa daga fayin zuwa fayin. Dole sai ta ya da zango a ganyen wani tsiro dabam, galibi wasu ƙananan itatuwa masu 'ya'ya, dangin Ribes. Shi ya sa gwamnatin Amurka ta hana noma su a 1911, ba ta ɗage dokar ba sai 1966. Asalin cutar Asiya ce, a jikin dashe ta shiga yankinku a 1910, daga Faransa.

Farin danƙon da ke zirarowa ƙasan mikin shi ne na itacen kansa, kuma ba daɗi a baki. Batun lasa, ni dai ba zan kai harshena inda ƙuda da kurege suka riga ni ba. Gara ka sanar da masu kula da dajin. In a reshe take, a datse shi tun da wuri. In ta zagaye gangar itacen, duk abin da ke sama da mikin bushewa zai yi.