Core i7 ko RTX 3050: wace laftof zan saya don buga gem da ƙaramin kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina neman laftof da zan riƙa buga gem ɗin ƙwallo na FC da eFootball, da kuma GTA V, in kuma yi aikin makaranta da ita. Kuɗina ba za su kai sabuwa ba. Mai shago ya nuna mini guda biyu na hannu, farashinsu kusan ɗaya. Ta farko siririya ce, Core i7-1165G7, RAM 16GB, da katin hoto MX450. Ta biyu mai nauyi ce, Core i5-11400H, RAM 8GB, da RTX 3050. Ya ce i7 ta fi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauki ta biyun, matuƙar ta tsallake gwajin da za mu faɗa maka a ƙasa.

A harkar gem, katin hoto, wato GPU, shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Shi ke zana filin ƙwallo da 'yan wasa da inuwa sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. MX450 yana da ma'adana ta kansa 2GB kawai, kuma an ƙera shi ne don siraran kwamfutocin ofis. RTX 3050 na wannan zubin yana da 4GB, ƙarfinsa ya yi wa MX450 nisa, sannan yana da DLSS, dabarar da ke ƙara gudu a gem ɗin da suka yarda da ita. Abin da ya sa muke nanata wannan shi ne, a laftof GPU da furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin i7 ko i5 ɗin nan) a liƙe suke da allon uwa, babban allon da ke riƙe da sassan kwamfuta. Wanda ka saya da shi za ka zauna har ta mutu. RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) da SSD (inda ake ajiye fayil da gem) kuwa galibi ana iya ƙara su duk ranar da kuɗi suka samu.

Sunan i7 ɗin ma kada ya ruɗe ka. Dubi harafin da ke ƙarshen lambar. Masu U ko G7 an yi su ne don su tsimaya batir. Masu H su ne na aiki mai nauyi. i7-1165G7 ƙwaƙwalwa 4 gare shi, i5-11400H kuwa 6, kuma yana aiki a kan wat 45. Don haka ko a furosesa ma, wannan i5 ɗin ya sha gaban wancan i7 ɗin a gem.

Akwai wani abu da masu shago da yawa ba sa ambata, wato yawan wutar da kamfani ya yarje wa GPU ya ja. RTX 3050 na laftof yana zuwa daga wat 35 har zuwa 80. Suna ɗaya, amma mai 35 ba zai kama ƙafar mai 75 ba. Don ka gani da idonka, buɗe NVIDIA Control Panel, shiga System Information, za ka ga adadin a wajen Maximum Graphics Power. Yawanci laftof mai kauri da fanka biyu, irin Acer Nitro 5, ASUS TUF, Dell G15 ko Lenovo IdeaPad Gaming 3, ta fi siririya samun wuta da iska. Nauyin da ka gani alheri ne. Idan za ka iya ƙara kuɗi ka sami RTX 3060 ko RTX 4050, masu 6GB, to nan ne ƙarin ya fi biya, domin sababbin gem sun fara yi wa 4GB yawa.

RAM 8GB zai sa gem ya riƙa sarƙewa, musamman idan sanda ɗaya ce a ciki. Sa a buɗe bayanta a gabanka. Idan akwai gurbi na biyu, saya wata sandar DDR4 3200 mai 8GB a saka, su zama 16GB. Sanda biyu sun fi guda ɗaya mai 16GB sauri, saboda hanya biyu bayanai ke bi. SSD kuma kada ya gaza 512GB, domin GTA V kaɗai yana cin kusan 100GB.

Yanzu gwajin, kuma kada ka biya ko sisi kafin ka yi shi. Jona caja, ka kunna gem mai nauyi na minti 20 zuwa 30, tare da manhajar HWiNFO, mai nuna zafin na'ura, a buɗe. Laftof mai matsala takan yi lafiya a minti biyar na farko, sai ta ɗau zafi sannan asirinta ya tonu. Idan GPU ya tsaya a wajen digiri 87, ko furosesa ya manne a 95 zuwa sama kuma hoto ya fara tsinkewa, na'urar na rage gudunta ne don kada ta ƙone. Sau da yawa ƙura ce ta toshe fanka, ko man sanyaya da ke kan furosesa ya bushe, kuma wannan gyara ne mai sauƙi da za ka nemi ragi a kansa. Amma idan ka ga layuka ko ɗigo-ɗigo masu launi a sikirin, ko ta ɗauke gaba ɗaya, ajiye wa mai shago abarsa, wataƙila GPU ne ke mutuwa. Duba lafiyar SSD da manhajar CrystalDiskInfo. Rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wurin rubuta umarni na Windows, ka kwatanta ƙarfin batir na asali da na yanzu. Shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Dubi kusoshin baya: idan sun ci, an sha buɗe ta.

Caja ma ka riƙe ta a hannu ka karanta. Irin waɗannan kwamfutoci kan zo da caja mai wat 135 zuwa 180. Idan aka haɗa ka da mai 65 ko 90, batir zai riƙa sauka kana cikin wasa, gudu kuma ya ragu. Ka kuma sani cewa a kan batir kaɗai ba ta bayar da cikakken ƙarfinta, kuma da wuya ta wuce awa ɗaya zuwa biyu ana gem. Idan wuta ba ta zama a unguwarku, lissafa wannan tun yanzu, kuma ka sa na'urar kare hauhawar wuta tsakaninta da janareta.

Bayan ka kawo ta gida, kada ka ɗora ta a kan katifa ko filo, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗaga bayanta kaɗan a kan tebur. A zafin Maris da Afrilu, kulle gem ɗin a kan hoto 60 a daƙiƙa don ta rage wahala, sannan da zarar hunturu ya wuce ka kai a buɗe ta a share ƙurar fanka.