Suna so in riƙa biyan 30,000 duk wata dan su haɗa min shago da Orange Money da MoMo, in yarda?

Tambaya daga Garwa: Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne ina sarin shinkafa da mai da suga da sabulu, shagona na babbar kasuwar Garwa, ina da wani kuma a garin Gidar, ƙanina ke kula dashi. Wasu samari sun zo min sunce zasu haɗa min Orange Money da MoMo na MTN da lissafin kaya da WhatsApp duk su koma wuri ɗaya, in biya sefa 150,000 na sakawa sannan 30,000 duk wata. Ni abinda ban gane ba, abu in an saka an saka, to kuɗin watan na mene ne? Kuma ina tsoron kuɗina ya bi ta hannun wani. A bani shawara dan Allah.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bari in fara da kuɗin watan tunda shi ya tsaya maka a rai, gaskiyar magana kuɗin watan ba cuta bace a kan kanta, abinda suke kawo maka haya ce ba saye ba, kamar yadda kake biyan hayar shago a kasuwa kayan ciki naka ne amma ginin ba naka bane. Ita manhajar Orange Money da ta MTN da wadda ke riƙe lissafin kaya kowacce gidanta daban, mai ita daban, basa magana da juna, sai an sa ɗan aike a tsakani wanda in kuɗi ya shigo nan zai ruga ya faɗa can. Kowane kamfani yana da wata ƙofa ta baya da ya buɗe ma irin wannan ɗan aiken, ita ce masu aikin ke kira API. To shi ɗan aiken nan yana zaune ne a wata kwamfuta da bata mutuwa dare da rana, ana biyan hayarta, kuma duk ranar da ɗaya daga cikin kamfanonin ya canza tsarin ƙofarsa dole wani ya tashi ya gyara in ba haka ba aiken ya tsaya cak ba tare da ka sani ba. Wannan kulawar ce kake biya, in dai har da gaske suna kulawar.

Mafi yawan samarin da ke wannan sana'ar ba su suka ƙera ɗan aiken ba, suma haya suke ɗauka. Akwai Zapier na Amurka da aka kafa a 2011, akwai Make wanda da can sunansa Integromat kafin su canza a 2022, akwai n8n na Jamus wanda shi mutum na iya ɗora shi a kan kwamfutar da ya yi haya da kansa. Ɓangaren lissafi kuma kontabil ɗinmu na nan, wato akantoci, yawanci manhajar Sage suka sani, matasa kuma sun fi son Odoo na Beljiyam. Ba laifi bane su yi haya su sake baka, amma ka tambaye su kai tsaye da wanne zasu yi, saboda wani kamar Zapier da ƙidaya yake caji, duk aiki ɗaya da ɗan aiken ya yi lissafi ne. Ka ɗauka ciniki ɗaya ya jawo aiki 3, a rubuta a littafi, a rage daga sitok, a tura ma mai saye saƙo, in kana ciniki 80 a rana kwana 26 a wata kaga an kai 6,240 kenan, alhali na kyautarsu 100 ne kacal a wata wanda ko azahar ɗin ranar farko bazai kai ba. Shi ya sa wani zai ce maka 30,000 yau, in kasuwa ta buɗe bayan wata 3 ya dawo yace kun wuce ƙa'ida sai an ƙara. A rubuta tun yanzu 30,000 ɗin ciniki nawa ta ɗauka, kuma da harajin TVA ne ko babu, dan in aka ɗora 19.25 cikin ɗari ta koma 35,775. Sannan in dalar Amurka suke biyan waɗancan kamfanonin farashinsu zai riƙa motsi, sefarmu da yuro take ɗaure a 655.957, da dala kuwa yau sama gobe ƙasa.

Yanzu maganar tsoronka, kuma ina bayanka a kan wannan tsoron. Hanyar da ta dace ita ce a buɗe maka asusun ɗan kasuwa a Orange da MTN da sunan shagonka, da rajistar kasuwancinka da lambar NIU ɗinka ta haraji, kuɗi ya faɗa can kai tsaye, su samarin labarin shigar kuɗin kawai ɗan aikensu zai ɗauka ba kuɗin ba. Akwai kuma kamfanonin tsakiya irin su CinetPay da Campay da ke haɗa maka layukan biyu a ƙofa ɗaya suna cire kasonsu a kowane ciniki, in ta nan za'a bi to asusun can ɗin ma da sunanka da takardunka za'a buɗe, ka san nawa suke cirewa da kwana nawa kuɗin ke yi kafin ka iya fitar dashi. Abinda bazan taɓa yarda dashi ba guda biyu ne, wanda zai ce a bar kuɗin ya fara shiga asusunsa sai ya turo maka da yamma, da wanda zai nemi lambar sirrinka. Akwai ma wata dabara da wasu ke yi in sun ga layinka na kanka ne ba na kasuwanci ba, sai su saka wata manhaja a wayarka tana karanta duk saƙon da ya shigo tana turawa, wallahi kar ka yarda, abinda ke karanta saƙon kuɗi yana karanta saƙon lambar tabbatarwa ma, kuma ko saƙon ƙarya ɓarawo ya turo haka zata rubuta an biya.

In anyi shi ta hanyar gaskiya kuwa anan babban amfanin yake, kuma dan shi kaɗai nake ganin maganar ta cancanci ka saurare su. Na taɓa zama a wani shagon sari a Marwa bayan isha'i, an ja ƙofa rabi, yaron shago na zaune kan buhun suga da waya biyu ɗaya a kowane hannu yana ja sama yana karanto saƙo, ɗan maigidan na bin littafi da biro yana sa alama, an kai wajen wata 47,500 an rasa ta waye, aka koma farko aka sake bi har fitilar caji ta fara dishi-dishi, ƙarshe ashe direban wani abokin ciniki ne ya tura daga kolbos, wato rumfar masu tura kuɗi ta bakin hanya. Kullum haka suke, awa ɗaya da rabi ko biyu, kuma duk da haka ƙarshen wata sai an samu giɓi an fara kallon yara da zargi, wanda wani lokaci yaron bai ci ko sisi ba. In an haɗa yadda ya kamata shi mai saye zai ga buƙatar biya ta fito a wayarsa da adadin kuɗin ya sa lambarsa, tabbacin kuma daga kamfanin layin zai zo kai tsaye ya manne da fatir ɗin, wato takardar cinikin, kaga maganar wani ya nuna maka hoton saƙo yace na tura ta ƙare, kai kuma kana Garwa kana ganin abinda ya shiga Gidar ba sai ka kira ƙaninka sau biyar ba.

Amma Alhaji akwai inda abin ke karyewa kuma ba a wajen na'ura bane, a littafinka ne. Ɗan aike baya tunani, abinda aka bashi yake kaiwa. In a Garwa kun rubuta shinkafa 25, a Gidar an rubuta riz 25kg, yaro kuma ya rubuta sunan kamfanin kawai, to wajen na'ura kaya uku ne daban, zata ce maka wannan ya ƙare alhali yana jibge a magazan. Haka sabulu, kana saye da kwali kana sayarwa da kwali da rabin kwali da dozin, sai an zauna an faɗa mata kwali ɗaya guda nawa ne. Sai kuma uwa uba bashi, wanda shi ne rabin kasuwarmu, mutum ya ɗauki kayan 200,000 ya bada 50,000 a hannu, ranar kasuwar Pitowa ya turo 70,000 ta Orange daga lambar matarsa, sauran yace sai an biya kuɗin auduga. Duk wanda ya zo maka da tsari ka bashi wannan misalin sak kace ya nuna maka a gabanka yadda zai shiga, in ya fara kame-kame to tsarinsa na masu sayarwa a intanet ne wanda ake biya kafin a ɗauka, ba na kasuwarmu ba. Ni a ganina ma 150,000 ɗin sakawa wannan aikin ne ya kamata ta biya, su zo su zauna a shago kwana biyu ko uku a ƙirga kaya a ba kowanne suna ɗaya da lamba ɗaya a shigar da masu bashi, in kuwa zasu gama sakawa cikin awa ɗaya su tafi to basu yi komai ba.

Wuta da rezo, wato sabis ɗin waya, kuma ka fini sani, lokacin zafi in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya an san yadda ake wuni ba wuta, kuma a 14 ga Maris 2024 da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace har mu nan Kamaru abin ya taɓa, 'yan uwanmu na Cadi ma sun yi wata 16 daga 2018 zuwa 2019 ba WhatsApp ba Facebook sai da dabara. Dan haka gwajin da zaka yi musu mai sauƙi ne, ka kashe data a wayar ka sa yaro ya yi ciniki 3 sannan ka kunna ka gani ko zasu hau da kansu kuma basu hau sau biyu ba. Wurin ciniki na Odoo misali in an riga an buɗe shi yana ci gaba da karɓa ko rezo ya ɗauke, amma biyan Orange da MoMo ta na'ura dole sai da rezo, saboda haka littafin hannu kar ka jefar dashi.

WhatsApp ɗin ni da zaka bi tawa ka barshi tukuna, manhajar WhatsApp Business ta kyauta ta isheka tura farashi, ita wadda ake haɗawa da na'ura Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, na caji a kan saƙon da kai ka fara turawa, ƙarin kuɗi ne da baka buƙata yanzu.

Abinda ya fi min zafi a wannan harkar shi ne makulli. Na san wani bawan Allah mai kantin kayan gini da aka yi ma irin wannan haɗin, shekara biyu komai na tafiya, ashe duk asusun da imel ɗin yaron da ya saka aka buɗe, da suka samu saɓani kan ƙarin kuɗi yaron ya daina ɗaga waya, mutumin nan yana tsaye a shagonsa kayansa na gabansa amma sunayen masu bashinsa da adadin da yake binsu suna wani wuri da bashi da ikon shiga, sai da aka sa manya baki. Dan haka kafin ka bada ko sisi, a buɗe imel da sunan shago a wayarka, kai ne mai gida a kowane asusu su kuma ka basu izinin shiga wanda kana iya cirewa, a rubuta a takarda cewa in zaka bari sanarwar wata ɗaya ta isa kuma zasu baka duk bayananka a Excel, kuma kar ka jira ranar rabuwa, duk Juma'a a sauke kwafi a ajiye a kile, wato filashin USB. Ka tambaye su in ka yi latin biya kwana nawa suke jira kafin su rufe, da wa zaka kira ran Asabar da yamma in abu ya tsaya. Lambobin wayar abokan cinikinka ma amana ce, kuma tun Disambar 2024 Kamaru na da dokar kare bayanan mutane, a sa a takardar cewa bazasu ba kowa ba. In kana da kontabil ka zaunar dashi dasu tun ranar farko ya duba ko lissafin na fita a tsarin SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kasuwanci na hukuma, da ake aiki da sabonsa tun Janairun 2018, in ba haka ba ƙarshen shekara zai sake shigar da komai da hannu ka biya sau biyu.

Sai lissafin ko ya dace da kai. Shekarar farko 150,000 da 360,000 sun kama 510,000, ka buɗe littafinka na wata 6 da suka wuce ka tara giɓin da aka rasa inda ya shiga da kuɗin motar da kake kashewa zuwa Gidar dan duba lissafi kawai, in ya kusa rabin wannan to ka shiga, in kuwa yawancin cinikinka kuɗi a hannu ne na waya bai wuce goma a rana ba to Excel ɗaya da yaro mai natsuwa sun wadatar da kai a bana. In zaka shiga kace musu abu ɗaya zaku fara dashi, biyan waya ya manne da fatir a shagon Garwa kaɗai, wata ɗaya ana tafiya da littafin hannu a gefe ana gwadawa duk dare, in sun yi daidai a ƙara sitok sannan Gidar ta biyo baya, kuma kuɗin watan a rage shi daidai da abinda aka kunna. Kar a fara dab da azumi ko lokacin da kuɗin auduga ya sauka, ka bari sai kasuwa ta ɗan lafa yara sun samu sararin koyo. In sun kawo takardar yarjejeniyar ka ɗauki hotonta ka turo in duba maka kafin ka sa hannu.